Goron Aurena da Ledar Baba

Jama'a, ku yafe mini shirun da na yi muku. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allah nan da ta rubuto, "Zalika, ko an ɗaura ne ba a gayyace mu ba?" Ba a ɗaura ba, 'yar'uwa. Gajiya ce ta zaunar da ni, irin wadda ko ƙarar waya ba ka son ji. Yau dai na ce bari in ba ku labarin taron ƙungiya, ko na samu sauƙi a raina.

Waɗanda suka shigo kwanan nan, ga yadda gidanmu yake. Mahaifina, Alhaji Manzo, shi ne parzidan, wato shugaba, na Ƙungiyar 'Yan Roba ta Tasawa da Mayahi. Duk mai sayar da buta, bokiti, baho, jarka, kujera ko leda a kasuwanninmu, da katin ƙungiyar a aljihunsa. Ni ce sakatariya. Ba zaɓena aka yi ba, an dai duba an ga ɗiyar parzidan ta yi boko ta iya ordinatar, wato kwamfuta, aka miƙo mini mabuɗin biro, ofishin ƙungiya ke nan. Ina kuma da ɗan teburina na kofuna da kuloli a bakin kasuwa, saboda haka ina da kati, ina da ƙuri'a kamar kowa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gidanmu warin sabuwar roba yake tun daga ƙofa. Dilolin leda sun cinye rabin zaure, bahuna a jere har cikin ɗakina, kajin Inna ma a fasasshen baho suke ƙwai. Ko na fesa turare na tafi biki, ƙawayena cewa suke har yanzu ƙanshin shago nake.

Sai Rabilu. Likitan dabbobi ne a Mayahi, ɗan asalin Attantane, siriri, marar yawan magana, kullum yana kan babur da akwatin magani a baya. Ya daɗe yana nemana, ni ma ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. Duk lokacin da manyansa suka nemi zuwa, Baba sai ya ce a dakata. Laifinsa ɗaya ne. Ya taɓa shiga rediyon gari ya ce leda tana kashe awaki da tumaki fiye da yadda mutane ke zato. Bai kira sunan kowa ba, amma washegari 'yan kasuwa suka riƙa tsokanar Baba suna ce masa Alhaji mai maganin awaki. Baba ya yi dariya a gabansu, ya zo gida ya ƙi cin tuwo.

Ni kuwa ina tsakiya. Gwaggo Hamida, ƙanwar Baba, ba ta shigowa gidan nan ba ta ce mini, "Ƙannenki na goyon ɗiya, ke kina goyon ordinatar." Da ina kuka, yanzu sai in ɗauko mata ruwa in ce ta sha.

Da bazarar da ta wuce, lokacin da ko tsinken ciyawa babu a bayan gari, tunkiyar Inna ta fara ciwo. Balama ce fara, babba, Inna ta raine ta tun tana 'yar ƙarama, kuma da 'ya'yanta take tara mini kayan ɗaki. Tana cin dusa tana ramewa, ciki ya kumbura kamar tulu, ƙafafu kamar kara. Inna ta aika aka kira Rabilu ba tare da ta tambayi kowa ba. Ya danna cikin, ya saurara, ya girgiza kai, ya ce a yanka kafin ta zama mushe. Da mahauci ya farke tumbin, sai ga wani dunƙule ya faɗo, ya kai kan mutum girma, leda ce zalla ta cure ta murɗe. Shuɗiya ce. Duk yankin nan babu mai shigo da shuɗiyar leda sai ƙungiyarmu, kuma dilolinta ne a zaurenmu.

Baba ya leƙo, ya duba, ya ce, "Ajali ne. A kai bola."

Inna ta kwance igiyar tunkiyar daga turke, ta naɗe ta, ta shiga ɗaki. Rabilu ya ɗauki dunƙulen ya sa a akwatin baburinsa. Na ɗauka bolar zai kai.

To, bana ƙungiya ta kira babban taro don a tsayar da abin da za a sa a gaba shekaru masu zuwa. Ana ta raɗe-raɗin hukuma za ta matsa kan leda a kasuwanni, sai 'yan ƙungiya suka rabu biyu. Baba da dattawa suka ce abu na farko shi ne a kare leda, a haɗa ƙarfi a riƙa sayo ta da yawa, a je a yi magana da manya da murya ɗaya. Matasa kuwa, Cindo mai jarka ne a gabansu, suka ce a sayi injin niƙa tsohuwar roba, a riƙa tattaro fasassun bokitai daga ƙauyuka ana sayar wa masana'antu, ita kuma siririyar leda a janye hannu daga gare ta sannu a hankali. Akwai masu cewa a fara gina rumfa tukuna, don rana tana busar musu da kaya har su tsage, amma su ba wanda ya saurare su.

Kada ku ɗauka Baba mugu ne. Na sha jin sa yana cewa, "Buta, mutum shi saya bana, sai baɗi. Leda kuwa tun asuba mai ƙosai na nema, mai mai na nema, mai hura na nema. Rabin ƙungiyar ga leda ka ciyar da su. In anka hana, mi za su ci?" Kuma gaskiya ce. Ni nake riƙe da littafin ƙungiya, na san zawarawan da ba su da komai sai faifan leda a ka.

Ana saura 'yan kwanaki taro, bayan la'asar, Baba yana zaune a kujerarsa ta roba mai hannu, wadda ba mai zama a kanta sai shi, ya kira ni. Na durƙusa.

"Yaron ga naki na dabbobi, hal yanzu yana nan kan maganarshi?"

Na ce, "Yana nan, Baba."

"Ki ce mashi shi turo manyanshi ran Juma'a."

Jama'a, ban san yadda na kai ɗaki ba. Na zauna a kan wani baho da aka kife, na rubuta masa: "Likita, Baba ya ce a turo."

Nan take amsa ta shigo: "Zalika, kar ki min wasa, ina riƙe da allura."

"Wallahi. Ran Juma'a."

"Alhamdulillahi. Saniyar mutane na kallona ina dariya ni kaɗai."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, kawun Rabilu, Malam Liman, ya zo da wasu dattawa daga Attantane. Suka kawo huhun goro, da alewa, da dabino. Ina ɗaki ina jin muryoyinsu daga zaure, har aka shafa fatiha. Gwaggo Hamida ta rangaɗa guɗa, ta manta da duk gorin da ta yi mini. Mata suka fito da ƙananan kwanoni za a kasa goro a kai gida-gida, kamar yadda aka saba.

Sai Baba ya shigo tsakar gida, yana gyara hannun babbar riga.

"Kar a taɓa goron ga. A aje shi sai bayan reniyo, in an tashi taron ƙungiya."

Gwaggo ta ce, "Yaya, goron neman aure a ce shi kwana?"

"Na ce a aje."

Ku da ba 'yan nan ba, a wurinmu muddin ba a raba goro dangi da maƙwabta sun tauna ba, magana tana zaure ne, ba ta shiga gari ba. Uba yana iya ɗaure huhunsa ya mayar. Amma da zarar an raba an ci, an bayar ke nan, ba mai mutuncin da zai janye. Inna ta yayyafa wa huhun ruwa, ta tura shi ƙarƙashin gadonta. Ta dube ni sau ɗaya, ta kawar da kai. Ni sakarya ban gane komai ba, ina can ina tunanin kalar atamfar da za mu fitar.

Da yamma na je biro in buga tsarin taro. Cindo ya leƙo, gumi na zuba, ya ce, "Sakatariya, kar ki mance sunan likita. Shi za ya yi bayani kahin a jehwa ƙuri'a."

"Wane likita?"

"Rabilu mana. Tun watan jiya munka gayyato shi. Parzidan ya sani, shi ma ya ce ya yarda."

Na zauna ina kallon ordinatar har ta yi duhu da kanta. Tun watan jiya Baba ya sani. Ya san idan Rabilu ya tsaya gaban jama'a a matsayin likita, zai faɗi abin da ya gani a cikin tumbin dabbobi, kuma kowane ɗan roba yana da akuya ko rago a gida. Amma suruki ba ya musu da uban matarsa a bainar jama'a. Ba ya ko ɗaga ido ya dube shi, ba ya cin abinci a gabansa, idan ya hango shi a hanya ma sauka yake daga babur. Baba bai ba ni miji ba, ya ɗaure bakin likita ne, kuma da ni ya ɗaure shi. Goron da ke ƙarƙashin gado kuwa, shi ne sauran igiyar a hannunsa.

Ban yi kuka ba. Gajiya ce kawai ta sauko mini tun daga wuya har tafin ƙafa.

Na rubuta wa Rabilu: "Ka san abin da Baba ya yi?"

Ya ce: "Na sani tun da kika ce a turo."

"Kuma ka turo?"

"Da in ƙi? Ke ce fa."

"To gobe me za ka ce?"

"Ba zan yi musu da Baba ba. Ba kuma zan yi ƙarya ba."

"Likita, waɗannan biyun ba sa haɗuwa."

"Ki yi addu'a dai. Bon courage, sakatariya, Allah ya ba ki ƙarfin gwiwa."

Na so in ce masa ya yi shiru kawai, mu samu a raba goron, dabbobi kuma Allah ya kiyaye su. Na rubuta, na goge. Na so in ce ya faɗi gaskiya ko me zai faru. Shi ma na rubuta, na goge. Ƙarshe na kife wayar a kan tebur.

Washegari aka cika farfajiyar gidan matasa. Kujerun roba kala-kala, duk na 'yan ƙungiya, kowa ya san tasa. Mutanen Mayahi sun zo a mota guda, na Kanambakashe wasu a babur wasu a amalanke. Na sa koriyar atamfata da farin gyale, na zauna a ƙarshen teburin manya da alƙalami a hannu. Baba ya sha farar shadda, hula ta zauna daram. Rabilu ya shigo da sabon kaftani ruwan toka, har karin guga bai baje ba, yana rungume da wani ƙullin tsumma. Ban taɓa ganin sa ba rigar aiki ba, sai ya yi mini kama da baƙo.

Aka yi addu'a. Cindo ya yi magana kan injin niƙa, ya yi ta zuba Faransanci har dattawa suka fara gyangyaɗi. Sai wata tsohuwa mai suna Tanna, mai tallar leda a tasha, ta miƙe ta ce, "Ni ban san inji ba. Marayu gare ni a gida. In kun hana leda, ku zo ku ɗauke su." Ni kaina na ji maganar har cikin ƙashina.

Sannan Baba ya karɓi lasifika.

"Jama'a, yara sun gayyato likita shi yi muna bayani. To albishirinku, likita ya zama ɗana. Jiya manyanshi sunka zo gidana neman ɗiyata, na kuwa amshe su." Aka ɗau tafi, wasu suna juyowa suna kallona, na ja gyale na rufe rabin fuska. "Taho nan kusa da ni, ɗana. Hwaɗa ma jama'a, sana'ar da surukinka ya ci da iyalinshi da ita, kisa take?"

Cindo ya dafe kai. Shi ma sai lokacin ya gane.

Rabilu ya tashi. Tun daga nesa ya tuɓe takalma, ya tako a hankali, ya durƙusa a gaban Baba, kansa a ƙasa. Aka miƙa masa lasifika, bai karɓa ba. Ya kwance ƙullin tsummar nan, ya ɗauko abin da ke ciki da hannu biyu, ya ɗora a kan tebur yadda ake miƙa wa babba kyauta. Dunƙulen nan ne na cikin tunkiyar Inna. Ya bushe ya yi tauri, amma shuɗin yana nan, ga ɗan warin tumbi yana tashi.

Ya ce, "Allah shi ƙara girma, Baba." Ya ja da baya a durƙushe, ya ɗauki takalmansa, ya koma can baya ya zauna.

Ba wanda ya tambayi mene ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci ya san shi. Na ga wani dattijo daga Kanambakashe ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Tanna ma ta kawar da fuska.

Jijiyar goshin Baba ta tashi. Bai dubi Rabilu ba, ni ya duba.

"Sakatariya, ɗauke muna ƙazantar ga."

Na tashi na ɗauka. Ya fi yadda na zata nauyi, sai da na sa hannu biyu na rungume shi a ƙirji, a kan sabuwar atamfata. Kafin in yi taku, Baba ya ɗaga murya don kada shirun ya yi tsawo.

"Likita bai ce komi ba, kun gani. A jehwa ƙuri'a. Wanda ad da ni, a sa leda gaba, shi ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi. Dattawa, masu tallar leda, har wasu daga cikin matasan da suka ji kunyar farar shadda. Sun fi rabi nesa ba kusa ba, ko ƙirgawa ba sai an yi ba. Baba ya riga ya ci. Amma idonsa yana kaina, ni da nake tsaye a tsakiyar fili hannuwana duka a cike.

Ya sauke lasifika, ya ce a hankali, yadda na kusa kaɗai za su ji, "Aje shi ƙasa ki ɗaga hannunki."

Jama'a, ban yi shirin komai ba. Ban tsaya don ina goyon bayan Cindo ba, injinsa bai dame ni ba. Igiyar da Inna ta naɗe ce ta faɗo mini a rai, da goron da ke ƙarƙashin gado, da yadda aka ba ni farin ciki aro don a ci taro. Na ji idan na ajiye abin nan na ɗaga hannu, to har in mutu haka za a riƙa ɗaga mini shi. Na tsaya kawai, kaina a ƙasa, ina rungume da shi, har aka ce a sauke hannuwa.

Aka tashi taro leda tana gaba. Mutane suna ta yi wa Baba murna, yana amsawa da baki kaɗai. Saƙon Rabilu ya shigo: "Me ya sa? Da kin ɗaga hannun, ni ban ce ki tsaya mini ba." Na jefa wayar a jaka na kama hanyar gida.

Na riga Baba isa gida da kaɗan. Tun daga lungunmu wata maƙwabciya ta tare ni tana dariya, haƙoranta jajir, ta ce, "Amarya, Allah shi sa alheri." Na wuce ban gane ba. Na shiga tsakar gida na tarar da Inna zaune a tabarma, ƙananan kwanoni a kife gefenta, an wanke su. Ganyen huhu a shimfiɗe, babu ko ƙwaya ɗaya a kai.

Kafin in buɗe baki, sallamar Baba ta shigo. Ko hula bai cire ba, ya dubi Inna.

"Maimuna, hiddo goron ga. Yanzu za a maida masu abinsu."

Inna ba ta cin goro, tana cewa yana hana ta barci. Ranar nan ta ɗago kai, leɓɓanta ja, tana taunawa a hankali.

"An raba, Alhaji. Kai ka ce sai bayan reniyo. Da na ji tahi daga gidan matasa, na ce an gama. Har gidan limamin unguwa an kai, har gidan ƙanwarka."

Baba ya daɗe yana kallon ta. Inna ta ci gaba da tauna, idonta a kan turken tunkiyar da ya zama ba komai.

Can ya juyo gare ni. Na durƙusa, har lokacin akwai shuɗiyar ƙura a gaban atamfata. Na ɗauka zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Sai ya miƙo hannu kawai.

"Mabuɗin biro."

Na kwance shi daga bakin gyale na sa masa a tafi.

"Goro an ci, ba ni maida magana. Shi zo shi ɗauki matarshi." Ya juya zai shiga turakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa bai waiwayo ba. "Amma su nemi wanda za ya ba da ita. Ni ɗiyar da na sani, da ta ɗaga hannu."

Tun ranar nake gaishe shi kowace safiya, ina durƙushe a gaban kujerarsa mai hannu, yana kurɓar shayi yana kallon bango. Gwaggo Hamida tana ta zaɓen atamfar biki, Rabilu yana ta turo saƙon godiya ga Allah. Jibi Malam Liman zai dawo a sa rana, kuma har yanzu Baba bai amsa mini ko "lahiya" ba.